Wanda Ya Ce a Zauna a Gida Shi Ke da Alhakin Ciyarwa: Darasin Kullen Korona a Kano

A makarantar koyon aikin lafiya an karantar da mu cewa idan annoba mai yaɗuwa ta numfashi ta ɓulla, kuma ba a samo mata magani ko rigakafi ba, hanyar daƙile ta ita ce a raba mutane da juna har ta rasa wanda za ta kama. Wannan karatu gaskiya ne, har gobe kuma ina koyar da shi ga ƙananan ma'aikatan da ke zuwa wurinmu sanin makamar aiki. Abin da darasin bai faɗa ba shi ne daga ina mutumin da aka raba da jama'a zai samo abin da zai ɗora a murhu. Na daɗe ina aikin lafiya a matakin farko, mafi yawansa rigakafin shan inna gida-gida, amma sai a shekarar 2020, da aka sa ni cikin masu bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar korona a birnin Kano, na fahimci cewa wannan tambaya tana cikin aikinmu, kuma amsarta ce ke nuna ko dokar lafiya za ta yi tasiri ko za ta tsaya a bakin rediyo.

Cutar ta shigo Najeriya a ƙarshen watan Fabrairu ta hanyar wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Ogun da Abuja. A Kano an tabbatar da mutum na farko ranar 11 ga Afrilu, gwamnatin jiha ta sa dokar zaman gida daga daren 16 ga wata, sannan ranar 27 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin kulle jihar baki ɗaya na mako biyu, aka yi ta ƙara wa'adi har farkon Yuli. Azumi kuwa ya kama ranar 24 ga Afrilu, wato kullen ya faɗo daidai lokacin da kowane magidanci ke neman gero da sukari da ƙanƙara, ga zafin bazara.

Ba na cikin masu cewa babu korona, ko masu cewa ciwon manya ne da ke hawa jirgin sama. A makonnin nan masu haƙar kabari a maƙabartu irin su Ɗandolo sun shaida cewa gawarwakin da ake kawowa sun zarce yadda aka saba nesa ba kusa ba, kuma birnin ya rasa dattawa da malaman jami'a da 'yan kasuwa a jere. Daga baya Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamata ya ƙirga mutum 979, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na mace-macen mai yiwuwa korona ce sanadinsu. Saboda haka gwamnati tana da hujjar tsorata, kuma duk mai cewa da an bar komai a buɗe bai tsaya a bakin maƙabarta a watan Afrilun nan ba. Inda nake da ja shi ne yadda aka ɗauki dokar a matsayin umarni kawai, alhali kuwa ciniki ce tsakanin hukuma da talaka, wadda kowane ɓangare yake da abin da zai biya.

Aikinmu a takarda mai sauƙi ne. Idan gwaji ya nuna mutum na da cutar, sai mu rubuta sunayen duk waɗanda ya yi cuɗanya da su, mu je gidajensu, mu nemi su killace kansu na kwana 14, muna bibiyar zafin jikinsu. Wani direban adaidaita sahu da muka samu a soron gidansu ya saurare mu har muka gama bayani, bai katse mu ba, sannan ya ce: “Likita, duk abin da ka faɗa na yarda da shi. Amma babur ɗin nan ba nawa ba ne, balas nake kaiwa kullum. Idan na zauna, mai shi zai karɓe ya ba wani. Kuma yau ɗin nan da kake gani, sai na fita za a yi cefanen buɗa-baki.” Babu jahilci a maganarsa, babu taurin kai. Ya auna haɗari biyu ne, ɗaya na cutar da wataƙila ta kama shi wataƙila ba ta kama shi ba, ɗaya kuma na yunwar da babu makawa za ta shigo gidansa kafin magariba, ya zaɓi wanda duk mai hankali zai zaɓa. Mu kuma abin da ke jakarmu bai wuce fom da na'urar auna zafi da takunkumin fuska ba.

Daga nan ne matsalar ta fara cin aikin lafiyar kansa. Da labari ya bazu cewa duk wanda sunansa ya shiga takardarmu za a zaunar da shi ba tare da ko kwanon gero ba, sai mutane suka daina faɗin gaskiya. Mai zazzaɓi da tari ya koma kemis ya sayi maganin maleriya ya yi shiru. Wanda aka tambaya su waye suka zo gaishe shi sai ya ce shi kaɗai yake. Lambobin waya suka riƙa zama a kashe, adireshi kuma na bogi. Bin sawu kuwa gaba ɗayansa a kan gaskiyar da mutane ke faɗa ya dogara, domin ba mu da wata na'ura da za ta nuna mana wanda ya zauna kusa da wa a wurin zaman makoki.

Haka nan shawarwarin da ake maimaitawa a rediyo sun fi dacewa da gidan da ke da famfo da ɗakuna. A unguwannin cikin birni da na bayan ganuwa, gida guda kan ɗauki iyalai da dama masu haya, banɗaki ɗaya, tsakar gida ɗaya, ruwa kuma saye ake yi jarka-jarka a wurin 'yan garuwa. Cewa a yawaita wanke hannu a irin wannan gida, cewa ne a ƙara kashe kuɗi a ranar da aka hana neman kuɗin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi ta wayar tarho tare da Bankin Duniya ya nuna cewa kashi 42 cikin 100 na waɗanda ke aiki kafin annobar sun daina aiki a tsakanin Afrilu da Mayu, kuma a birni irin Kano, wanda kasuwannin Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari da Dawanau ke riƙe da shi, yawancin waɗannan ba masu albashi ba ne. 'Yan dako ne, da masu shayi, da leburorin gini, da teloli, da matan da ke tuyar ƙosai da awara, mutanen da rayuwarsu hannu baka hannu ƙwarya ce.

Da matsin ya yi yawa, sai aka sassauta dokar a ranakun Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, aka bar kasuwanni ƙalilan irin su 'Yankaba da 'Yan Lemo su buɗe. Na ga 'Yankaba a irin wannan rana. Jama'ar da a da ke shigowa a warwatse cikin kwana bakwai, daga asuba zuwa dare, an tattara su cikin awa shida, kafaɗa na gugar kafaɗa, kowa na sauri kada lokaci ya ƙure masa, takunkumi a haɓa saboda zafi. A bakin bankuna layi ya miƙe har kan titi. Farashi ya tashi, domin mai kaya ya san ba a da zaɓi, manomin tumatir na Kura da Kadawa kuma yana can kayansa na ruɓewa, tun da motar abinci, duk da cewa doka ta yarje mata wucewa, sai ta tsaya a shinge bayan shinge. A lissafin yaɗuwar cuta, wannan tsari ya tara asara biyu: an hana mutane nema kwana biyar, sannan an cusa su wuri guda kwana biyu. Ra'ayina shi ne da an bar kasuwannin abinci a buɗe kullum, an ƙara yawansu a filayen makarantun da ke rufe, an sa ruwa da sabulu a ƙofa, da cunkoson bai kai haka ba.

Ba a ce gwamnati ba ta yi tanadi ba. An sanar da fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbun ƙasa, an biya naira 20,000 ga wasu daga cikin iyalan da ke cikin rajistar marasa galihu, an kuma ba da umarnin faɗaɗa rajistar daga gidaje miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. 'Yan kasuwa da bankuna ƙarƙashin CACOVID, haɗakar kamfanoni masu zaman kansu don yaƙi da korona, wadda Aliko Ɗangote ke cikin jagororinta, sun tara biliyoyin naira. Sai dai rajistar an gina ta ne tun kafin annoba, akasari da talakawan karkara, ba ta san ɗan dakon Singa ba, wanda jiya yake ciyar da gidansa da ƙarfinsa, yau kuma ya wayi gari ba shi da ko sisi. A wasu unguwannin da na yi aiki, ɗan abin da ya iso ta hannun 'yan siyasar mazaɓa ya biyo, kuma kowa ya san yadda irin wannan rabo yake ƙarewa. A watan Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS ta adawa da cin zalin 'yan sanda, da jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da Abuja da wasu garuruwa, suka fito da buhunan shinkafa da kwalayen taliya masu tambarin tallafin korona, ko wane bayani hukumomi suka yi game da jinkirin rabon, talaka ya riga ya yanke hukuncinsa.

Abin da ya isa ga kowa ba tare da jinkiri ba shi ne bulala da kotun tafi-da-gidanka. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa a mako biyun farko na kullen jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a sassan ƙasar, adadin da ya zarce na waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe a lokacin. Su kuma almajirai aka loda su a motoci ana mayar da su jihohinsu, aka kuwa samu da dama daga cikinsu ɗauke da cutar bayan sun isa Kaduna da Jigawa.

Wasu ƙasashen da suka fi kusa da halinmu sun kalli lamarin ta wata fuska. Gana ta kulle Akara da Kumasi mako uku kacal, ta ɗauke wa jama'a kuɗin ruwa na wata uku, sannan ta janye kullen ranar 20 ga Afrilu, ta mayar da ƙarfinta kan gwaji. A Malawi babbar kotu ce ta dakatar da kullen kwana 21 tun kafin ya fara, bayan an kai ƙarar cewa ba a yi wa talakawa tanadin abinci ba. Kai, ko a tarihinmu na Musulunci akwai abin dubawa. Malamai sun yi ta jawo hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta ɓulla da kuma fita daga cikinta, da labarin yadda Sayyidina Umar ya juyo daga hanyar Sham saboda annobar Amwas, kuma sun yi daidai. Amma Umar ɗin nan shi ne a shekarar fari ta Ramada ya rubuta wa gwamnoninsa, Amru ɗan Asi ya aiko da ayarin abinci daga Masar, aka riƙa dafawa ana ciyar da jama'a a Madina, shi kuma ya haramta wa kansa man shanu har sai talakawa sun ƙoshi. Rabin farko na tarihin aka fi karanta mana a rediyo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu ma'aikatan lafiya na Kano mun taɓa biyan kuɗin wannan karatu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar, ba a dawo da shi ba sai 2004, kuma ko bayan an dawo, tambayar da iyaye ke yi mana a ƙofar gida ita ce me ya sa ake bin su da ɗigon shan inna kyauta alhali idan yaro na zazzaɓi sai sun sayi magani. Ba a shawo kan mutane da lacca ba. An shawo kansu ne da aka haɗa rigakafin da sansanonin duba marasa lafiya, da maganin zazzaɓi, da sabulu, aka kuma shigo da masu unguwanni da dagatai da limamai da matan unguwa masu shiga gida-gida. Da wannan aka kai ga ranar 25 ga Agustan 2020, da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Wannan tsari, wanda ya san kowane lungu da yawan yaran da ke kowane gida, yana nan a lokacin kulle, kuma da shi aka bi wajen rabon abinci, da an san gidan bazawara da na mai ciwon suga da na dattijon da ya kamata a tsare fiye da kowa.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga alƙaluman da hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, NCDC, ke fitarwa kowane dare a lokacin ba. Asibitoci masu zaman kansu da dama sun rufe ko sun daina karɓar mai zazzaɓi saboda tsoro, masu hawan jini da ciwon suga suka rasa inda za su je, mata suka daina zuwa awo, layin rigakafin jarirai a asibitinmu ya koma 'yan tsiraru. Yaron da ya tsallake allurarsa ta mako shida da ta mako goma ba a ganin illar a ranar, sai bayan shekaru. Lokacin da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma mafi yawansu yara ne da ba su kammala rigakafi ba. Giɓin rigakafi a jihar ya girmi korona, amma watannin kullen sun ƙara masa faɗi. A aikin mashaƙon, duk gidan da muka je ɗaukar yaro zuwa wurin killacewa, kafin mu buɗe fom sai mun zauna da mai gidan da mai unguwa mun daidaita wanda zai yi jinya, wanda zai kula da sauran yaran, da inda abincin gidan zai fito har a sallamo shi.