Saƙo bakwai, amsa babu

Yau ƙanina ya miƙo min wayarsa, wai yarinyar da yake nema ta yi masa shiru. Saƙo bakwai a jere a WhatsApp: "Slm", "Kina nan?", "Kin ci abinci?", har da "Ko na yi laifi ne?" Duk ta karanta.

Ai ba abin da za ta kama ta amsa. Na ce masa saƙo ɗaya ya isa: cikakkiyar sallama, abu guda da ta faɗa ranar da kuka haɗu, sai tambaya mai rana da lokaci, "Zan iya zuwa gaishe ki Juma'a bayan la'asar?" Tura bayan isha'i, ba tsakar dare ba, ka ajiye wayar sai gobe. Ban da "masoyiyata" tun ba a je ko'ina ba. "Ko na yi laifi ne?" ɗin nan ne ya fi ba ni tausayi, tsoronsa duk ya fito fili.