Laraba, 2 ga Fabrairu 2022: an gyara dish, 107 ta dawo

Guguwar da suka raɗa wa suna Malik, wadda ta ratsa Sikotland da arewacin Ingila ranar Asabar, ita ce ta karkatar mana da dish. Kafin mu farga wata ta biyo bayanta a daren Lahadi ta ƙarasa aikin. A nan Newcastle bishiyoyi sun faɗi, a ƙauyukan kewaye kuma akwai waɗanda suka kwana ba wuta cikin wannan sanyi, saboda haka namu bai kai a kira shi asara ba. Sai dai yau Senegal da Burkina Faso za su buga wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka a Yawunde, ƙarfe bakwai na yamma agogon nan, kuma tun da asuba Kawu ya tare ni a bakin kicin ya ce, "Ɗan nan, yau ma haka za mu zauna?"

Kawu ya zo ne aikin yanar ido, yana zaune da mu har ya gama ganin likita. Da rana shi kaɗai muke bari a gida. Kafin guguwar ba shi da matsala: ya haddace lambar tasha 101, ya haddace 200 ta labarai, yana danna su da babban yatsa ba tare da ya dubi rimot ba. Da dish ya kauce sai ya zama ba abin da ya rage sai manhajojin intanet da ke cikin talabijin ɗin. Na zauna da shi ranar Litinin na nuna masa yadda ake shiga iPlayer, manhajar BBC ta kallon shirye-shirye ta intanet, da inda ake neman shiri. Allon haruffa ne ke fitowa, ka riƙa tura alama da kibiyoyin rimot, dama, dama, ƙasa, ka danna harafi ɗaya, ka sake komawa hagu neman na biyu. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, wanda ya yi shekaru yana rubuta lissafin fatauci da ajami tsakanin Mubi da Garwa, shi ne na ga yana matso da fuskarsa kusa da gilashi, ido ɗaya a rufe, yana laluben harafin boko. Ya samu biyu, na uku ya kuskure, ya miƙo mini rimot ɗin ya ce, "Ajiye, Allah ya yi maka albarka." Tun daga ranar rediyon wayarsa yake ji. Abin ya tsaya mini a rai.

Aikin safe na yi, na taso ƙarfe ɗaya. Abokina ɗan zangon Kumasi, direban tasi, ya yi mini alkawarin tsani da sifana, kuma bai saɓa ba. A wannan watan kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi, don haka muna idar da azahar muka fita. Shi ya hau, ni na riƙe tsanin. Dish a ƙasar nan kudu maso gabas yake kallo, wajen taurarin ɗan'adam na Astra da ke digiri 28.2 gabas, kusan kilomita 36,000 a saman tsakiyar duniya. Da irin wannan nisa, kaucewar faɗin yatsa ɗaya ta isa ta ɗauke hoto gaba ɗaya. Muka buɗe shafin sigina a dikoda, mai layi biyu, ɗaya na ƙarfi ɗaya na inganci, muka tsayar da babbar 'yata, wadda dawowarta daga makaranta ke nan, a taga tana faɗa mana abin da take gani. Ya sassauta noti, ya riƙa tura farantin a hankali da tafin hannu, yana tsayawa bayan kowane motsi saboda dikoda ba ta amsawa nan take. "Babu. Babu. Abba, ya motsa! Ya koma." Hannunsa ya ƙage don sanyi, ya hura masa iska, ya sake. Da layin inganci ya cika sai ya ce kada kowa ya yi numfashi, ya ɗaure notin sama da na ƙasa bi da bi, don in ka ƙulle ɗaya gaba ɗaya farantin kan ja gefe. Ya kuma naɗe bakin wayar da tef saboda ruwa. Kuɗi ya ƙi karɓa. Ya ce ladansa shi ne kujera a falo ƙarfe bakwai, da shayi mai citta.

Da muka shiga na duba jerin tashoshi, ga ta nan a 107: BBC Three. Jiya, 1 ga wata, ta dawo. A Freesat, tsarin kallon tashoshin dish na kyauta da muke kai, ba sai an sake laluben tashoshi ba, dikoda da kanta take sabunta jerin. Na san zancen tun bara, amma ganin ta a tsakanin sauran ya sa na ji daɗi fiye da yadda na zata.

Labarinta abin a rubuta ne. An buɗe ta a 2003 don matasa. A Fabrairun 2016 aka sauke ta daga talabijin aka mayar da ita intanet kaɗai, da hujjar cewa za a rage kashe kusan fam miliyan 30 a shekara, kuma matasa ai sun riga sun koma waya. A takarda hujjar ta yi kyau. Shirye-shiryen ba su mutu ba, wasu ma sun yi suna sosai a wannan tsakanin. Amma wani bincike da aka wallafa a 2020 ya nuna lokacin da mutane ke ɓatawa suna kallon tashar ya faɗi da kashi 89 cikin 100 bayan komawarta intanet. A Maris ɗin 2021 BBC ta ce za ta dawo da ita, hukumar Ofcom mai sa ido kan kafofin watsa labarai ta amince a Nuwamba, shi ne jiya aka kunna. Daga bakwai na yamma zuwa huɗu na asuba take aiki, kuma masu shekara 16 zuwa 34 ake nufi da ita. Kawu ya haura saba'in, amma yau a gidan nan babu wanda ya kai shi murna, domin a kanta za a nuna wasannin kusa da na ƙarshe biyu da na ƙarshen.

'Yata ce ta tambaye ni me ya sa CBBC, tashar yara ta BBC, ta rufe ƙarfe bakwai jiya a gidan ƙawarta, alhali da har tara take kaiwa. Na ce mata hanya ɗaya suke rabawa da sabuwar tashar: yara da rana, manya da dare. Kawu ya ce, "Amaryata, ai gara haka, sai ki zo ki yi mini hira." Ta murguɗa baki ta ce ita ba ta auren tsoho mai ido ɗaya, aka yi dariya.

Ina yanka albasa ina ta juya wannan kashi 89 ɗin a kaina. Ni ba na ƙin kallon baya. A bana, 2022, lasisin talabijin fam 159 muke biya a shekara, kuma tun 2016 ko iPlayer kaɗai kake kallo sai ka biya, don haka haƙƙinmu ne mu more shi. Yawancin shirye-shirye yanzu shekara guda suke yi a ajiye, da kuwa kwana 30 ne. Ga mai aikin dare kamar maman yara wannan rahama ce. Abin da na gani da idona a makon nan shi ne, akwatin nema yana yi wa wanda ya riga ya san abin da yake so hidima ne. Sai ka san sunan shirin, ka san yadda ake rubuta shi da Turanci, idonka ya ga harafi, yatsanka ya yi haƙuri. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan, kayan suna nan jibge amma ba nasa ba ne. Tasha kuwa kamar mai talla ce da ke sauke tire a ƙofar gida: ko ba ka yi niyya ba ka ga abin da ta kawo. Kuma ba tsofaffi kaɗai abin ya shafa ba. Har yanzu akwai gidaje a ƙasar nan da intanet ɗinsu ba ya ɗaukar bidiyo yadda ya kamata, akwai kuma matashin da zai dawo aiki a gajiye ba shi da ƙarfin zaɓe, so yake ya danna lamba ya tarar da wani abu yana gudana. Ina ganin waɗanda suka sauke tashar sun ƙirga masu waya, ba su ƙirga waɗannan ba.

Mun yi isha'i da wuri. Abokina ya iso da ɗansa, saurayi ɗan sakandare. Ni da shi duk 'yan kallo ne yanzu: Kwamoros ta kora Ghana gida tun a rukuni da ci 3-2, mu kuma Tunisiya ta fitar da mu da ci 1-0 ranar 23 ga Janairu a Garwa, bayan mun cinye wasanninmu uku na rukuni a wannan filin. Kawu har yau bai huce ba, don ya ce mutanen Garwa sun riƙe Najeriya kamar tasu, sun cika fili, aka ba su kunya. Yau Burkina yake goyon baya. Dalilinsa biyu: su suka rama mana a kan Tunisiya, kuma a Garwar, sannan ƙasarsu na cikin wani hali, sojoji sun kifar da gwamnatin Kabore ranar 24 ga Janairu ana tsakiyar gasa. Ya ce yaran da ke buga ƙwallo hankalinsu na gida sun cancanci addu'a. Na tuna masa mu muka hana su kofi a 2013 da ƙwallon Sunday Mba, ya ce to ai shi ya sa suke bin mu bashi.

Biyar saura na miƙa masa rimot. Ɗaya, sifili, bakwai. Bai dubi hannunsa ba.

Rabin farko ba ci, amma ba wanda ya tashi. Sau biyu alƙalin wasa, Bamlak Tessema ɗan Habasha, ya ba Senegal fenariti, sau biyu ya je ya duba bidiyon VAR ya soke. Na farkon ne ya tayar mana da hankali, inda golan Burkina, Herve Koffi, ya yi karo da Kouyate a sama ya faɗo da mugun faɗi, aka fitar da shi a gadon marasa lafiya. Kawu ya yi ta salati har aka ci gaba. Yaron abokina yana bin wasan a wayarsa a lokaci guda don ya riƙa hira da abokansa, sai muka lura hotonsa na bayan namu da daƙiƙoƙi masu yawa. Tauraro ya riga intanet isowa. Daga baya ya kife wayar a kan kujera ya dawo cikinmu.

Maman yara ta turo ƙofa daidai lokacin da ake shirin bugun kusurwar da ta zama ƙwallon farko. Ta gaishe da Kawu daga bakin ƙofa, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, ta ce don Allah kada wanda ya gaya mata komai, ta haye sama da kwamfutar hannu. Tun a bas ta kashe WhatsApp. A iPlayer ana iya mayar da shirin da ke gudana zuwa farkonsa, to haka ta yi, ta sa abin kunne ta fara daga minti na ɗaya. Mu kuwa a ƙasa sai cizon hannu muke yi don kada ihu ya kai mata.

Abdou Diallo ne ya ci a minti na 70. Minti shida bayan nan Sadio Mane ya ƙwace ƙwallo a gefe ya miƙo ta tsakiya, Idrissa Gueye ya ƙarasa. Na ɗauka an gama, sai Blati Toure ya rage a minti na 82, Kawu ya miƙe tsaye, abin da likita ya ce ya riƙa yi a hankali. Minti biyar muka yi Burkina na matsawa da duk abin da take da shi, har suka bar baya a buɗe, Mane ya tsere ya ɗaga ta saman gola a minti na 87. Uku da ɗaya. Kawu ya zauna ya ce, "Yaran sun yi ƙoƙari, Allah ya ba ƙasarsu lafiya." Ni zuciyata na tare da Aliou Cisse. Shi ne kyaftin a 2002 lokacin da Kamaru ta doke su a bugun fenariti, kuma nasa bugun bai shiga ba. Shi ne koci a 2019 da Aljeriya ta ci su 1-0. Har zuwa wannan gasa ta 2022 Senegal ba ta taɓa ɗaukar kofin nan ba, kuma ina so ya ɗauka.

Mun raka baƙi wajen tara da rabi. Na dawo na tarar Kawu bai canza tasha ba, yana kallon wani shirin matasa da na tabbata rabin Turancinsu bai kama ba, yana tambayar 'yata wane ne wannan, me ya ce. Na kore ta ta kwanta, na ɗiga masa maganin ido.

Gobe Kamaru da Masar a filin Olembe, inda turmutsitsi ya kashe mutum 8 ranar 24 ga Janairu, Allah ya kiyaye na gaba. Kawu Kamaru yake goyon baya, ba sai an tambaya ba. Abokina Masar yake so, don a ga Mane da Salah, 'yan Liverpool biyu, sun fuskanci juna ranar Lahadi. Ni aikin yamma aka sa ni ranar Lahadin, na tura wa abokiyar aikina saƙo ko za ta yarda mu yi musaya in karɓi Asabar ɗinta. Ba ta amsa ba tukuna. Maman yara ta sauko yanzu neman abinci, ta kai minti na 60, ta ce har yanzu tana ganin Burkina za ta iya.