Hunturun da na koma shan hantsi

Aikin rajista nake yi a sakatariyar wata ƙaramar hukuma a ƙasar Gumel, kullum daga ƙauyenmu nake hawa babur in tafi. Shekara uku a jere, da zarar sanyi ya kankama a watan Disamba sai in zama wani mutum daban. Jiki ya yi nauyi, rai ya riƙa ɓaci ba gaira ba dalili. Da hantsi ina gaban fayil ina gyangyaɗi, da dare kuma ido ya bushe har ƙarfe 1 ina juyi a kan gado. Na je asibiti aka gwada jinina, babu maleriya babu taifot.

Abin bai dame ni sosai ba sai daren da ƙaramin ɗana ya kawo mini littafinsa in duba, na daka masa tsawa. Ya koma bayan uwarsa ya laɓe. Da yara suka kwanta ta ce, "Malam, wai lafiya kuwa? Duk shekara idan iskar nan ta taso haka kake yi mana." Maganar ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ta faɗa.

Akwai wani dattijo, masinjan ofishinmu, da kowa ke ce wa Baba. Kowace safiya yakan jawo benci jikin bangon gabas, ya naɗe rawani har kunne, ya zauna yana shan hantsi kafin manya su iso. Wata rana ya leƙo ya tarar da ni taga a rufe, labule a sake saboda ƙura, ɗakin dulum. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka fito mana rana ta gan ka. Tun safe kana cikin duhun nan?"

Sai na zauna na lissafa yinina. In dawo daga sallar asuba in koma cikin bargo har bakwai ta wuce. In fito a guje, fuska a naɗe, ga tabarau saboda iska. In shige ofis, ba ni fitowa sai azahar. Kafin in tashi, in biya kasuwa, in iso gida, magariba ta kawo kai. Ashe sai in yi mako ban zauna cikin hasken safe na minti goma ba.

Na sayi ƙaramin littafi na fara rubuta lokacin fitowar rana da faɗuwarta, da lokacin da barci ya ɗauke ni. A Janairu rana ba ta ɓullowa a wajenmu sai kusan 6:45, alhali a farkon Yuni wajen ƙarfe 6 ta fito. A ƙarshen Nuwamba kafin 6 ta faɗi, a Yuli kuwa sai bakwai saura. Tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta, bambancin bai wuce kamar awa ɗaya da rabi ba. A Landan yinin Disamba kusan awa 8 ne, na Yuni ya haura 16, a kan irin wannan gajartar yini ne tun 1984 wani likita a Amurka, Norman Rosenthal, da abokan aikinsa suka bayyana wani ciwon damuwa da ke zuwa da lokacin sanyi. Mu namu bambancin kaɗan ne, amma muna da hazo. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele a Chadi, takan rufe sama har ka kalli rana ido da ido kamar farin faifai. Hasken ya ragu, mu kuma mu ƙara da rufe tagogi.

Abin da na fahimta a karatuna shi ne jiki yana da agogonsa, kuma hasken da ke shiga ido da safe ne ke saita shi. Akwai sinadarin melatonin da ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya yi, shi ke shirya mutum ga barci, haske kuma ya danne shi. Ni na juya lamarin: duhu da safe, hasken waya a fuska har tsakar dare.

Na daina komawa barci bayan asuba. Kwana huɗun farko na sha wuya ƙwarai, sanyin na shiga har ƙashi. Nakan yi azkar, in sha koko mai zafi, in zuba wa awaki harawa, rana na leƙowa ina tsakar gida. Na riƙa isa ofis da wuri in zauna kusa da Baba minti ashirin, muna hirar farashin gero. Na jawo teburina bakin taga, na ɗage labule, gilashin na bar shi a rufe, ƙurar da ta shigo in goge da tsumma. Shayin dare da goron yamma na ajiye su, waya kuma bayan lisha sai ta koma aljihun riga a jikin ƙusa.

Wajen mako biyu sai na ga a littafina barci na ɗauke ni kafin 10:30. Gyangyaɗin hantsi ya tafi. Uwargida ce ta fara lura, ta ce yara sun dawo suna zama kusa da ni a tabarma. Wanda ɓacin ransa ya yi tsanani ko ya daɗe, shi kam ya nemi likita, kada ya tsaya a kan hantsi kaɗai.

Bazara ce har yanzu ban gama da ita ba. A Afrilu zafi ya haura digiri 40, ɗaki ya zama tanda, sai a kwana waje, asuba kuma ta matso da wuri. Da damina ga gajeren dare, ga leƙa gona kafin ofis. Abin da na samu ya ɗan taimaka shi ne ƙailula ta minti ashirin bayan azahar, a kan dardumar masallacin ofis. In na zarce haka, daren ya lalace.

Bana tun a Nuwamba na fara fita. Mu uku ne yanzu a bencin Baba, har ya ce sai an nemo wani.