Kafin ka bar Agege zuwa karatun ci gaban ƙasashe a Ingila

Watan Agusta na kamawa, wayoyin 'yan Legas da ke karatu a nan Ingila ba sa hutawa. Daga Agege, daga Idi-Araba, daga Mile 12, tambayar ɗaya ce: "Yaya, wace jami'a ce ta fi a fannin ci gaban ƙasashe?" Ƙanena, wannan ita ce mai sauƙin amsa, kuma ba ita za ta hana ka barci ba.

Sussex da ke Brighton, inda cibiyar nazarin ci gaban ƙasashe ta IDS take tun 1966, ta daɗe tana zuwa ta ɗaya a jadawalin QS, mai jera jami'o'in duniya, a wannan fanni. Akwai Manchester, akwai SOAS da LSE a Landan, akwai East Anglia a Norwich, sai ISS a birnin Hague na Holan. Duk masu kyau ne. Amma kada suna ya ruɗe ka, buɗe jerin darussan ka karanta ɗaya bayan ɗaya. Digiri na biyu a Ingila wata goma sha biyu ne kacal, kuma ukun ƙarshe na rubuta kundin bincike ne. In babu ƙididdiga a ciki, babu auna tasirin ayyuka, babu tsara kasafin kuɗin aiki, za ka fito da iya muhawara, hannunka ba sana'a. Kasuwar kuma ta tsuke: Amurka ta rushe hukumar agajinta ta USAID a 2025, a Fabrairun shekarar Birtaniya ta sanar za ta rage kuɗin agajinta zuwa kashi 0.3 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samu nan da 2027. Ƙungiyoyin da ke ɗaukar ma'aikata a Abuja da Maiduguri sun ji a jikinsu.

Tallafin karatu kowanne da sharaɗinsa. Chevening, tallafin gwamnatin Birtaniya, na buɗewa a Agusta, yana son aikin awa 2,800, wato kimanin shekara biyu, ka zaɓi kwas uku, ka amsa tambayoyi huɗu a rubuce, ka kuma yi alkawarin komawa gida na shekara biyu. Shirin EPOS na DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, shi ma shekara biyu na aiki yake nema. Inda namu ke faɗuwa shi ne kunya. An tarbiyyantar da mu kada mu yabi kai, sai mutum ya rubuta "mun yi, mun taimaka" alhali shi ya tattara 'yan kasuwa suka gyara magudanar ruwa, shi ya riƙe littafin kuɗin makarantar Islamiyya. Masu tantancewa so suke su ji me kai ka yi, mutum nawa suka amfana, me ya canja.

Takardar cikakken sakamako ka nema tun kafin a buɗe komai, don tana iya cin watanni. Ka jera fasfo, NIN, takardar WAEC da ta digiri a kan tabarma ka duba sunanka harafi-harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, sunan gari ya zama sunan mahaifi a wata. A gyara ko a yi rantsuwar kotu tun da wuri. Jami'o'i da yawa na karɓar C6 a Turancin WAEC, wasu sai jarrabawar Turanci ta IELTS, galibi maki 6.5, shi kuma shekara biyu yake yi ya mutu. Gwajin tarin fuka na neman biza, a asibitin IOM (hukumar ƙaura ta duniya) da ke Ikeja, wata shida takardarsa ke aiki, kada ka yi gaggawar yin sa kafin jami'a ta kusa ba ka lambar CAS, shaidar karɓarka da ake neman biza da ita.

Yanzu ga abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Mai biyan kuɗinsa da kansa sai ya nuna wa masu ba da biza ragowar kuɗin makaranta da na zaman wata tara. A farkon 2025 fam 1,136 ne a wata a wajen Landan, jimilla 10,224. A Landan 1,483, jimilla 13,347. Kuma ana ƙara shi, sai ka duba na ranar. Kuɗin su kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun yi ƙasa da adadin ko da yini ɗaya ba, takardar bankin kuma kada ta wuce kwana 31 da fitarwa. Da farashin canji na ranar da ka miƙa takardu za a auna, saboda haka naira ta zame kaɗan a mako na uku, lissafi ya ɓaci. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 bayan Yunin 2023 ba sai an ce masa ya ɗora rara a kai ba. Ga kuɗin lafiya fam 776 a shekara, kuma na shekara ɗaya da rabi ake biya domin bizar ta fi kwas ɗin tsawo.

Duk wannan da sauƙi. Abin takaicin, asusun sai naka, ko na mahaifi ko mahaifiya, ko na wanda kotu ta ba riƙonka. Kawun da ya ɗauko ka daga Kano kana ɗan shekara bakwai, ya sa ka makaranta, ya aurar da yayyenka, a wurin masu biza ba kowa ba ne. Alhajin da tirelolin albasarsa ke sauka Mile 12, wanda maganarsa kaɗai ta isa a ba shi bashin miliyoyi, dole ya juya kuɗinsa asusun yaron da bai taɓa riƙe miliyan ɗaya ba, su kwanta wata guda ba a taɓa, ciniki na wucewa. Dukiyarmu tana cikin shanu, cikin kaya, cikin adashi da amana. Kuma a ajin da za ka je, irin wannan amanar ce za a yi mako guda ana nazarinta a matsayin abin sha'awa, a nuna hoton Makoko, unguwar kan ruwa ta Legas, a allo, kowa ya juyo yana kallonka. A nan kan mutum ke ɗan kumbura, gaskiya, don abin da suka karanta a littafi kai ka taka shi da ƙafa. Ana tashi kuma, a Disamba kafin ƙarfe huɗu magariba ta yi, ka koma ɗaki ba mai cewa sannu da zuwa.

Awa 20 a mako doka ta ba ɗalibi ya yi aiki lokacin karatu. Haya da abinci za su lashe shi. Ka faɗa wa gida wannan tun kana Legas, da bakinka, a gaban Hajiya da Baba, domin ana jin "Landan" lissafi ke canjawa: kuɗin makarantar ƙanne, maganin hawan jini, gudummawar biki, ragon layya.

Mai iyali kuwa ya zauna da matarsa kafin ya cika fom ɗin farko. Tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na aji ba ya zuwa da mata da yara, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Ina za ta zauna, ɗakinta a Agege ko gidan iyayenta? Hayar Legas ta shekara ce dunƙule. Wa zai biya in ta ƙare kana tsakiyar kundi? Wa zai kai yaro asibiti cikin dare? In tana da ciki, suna zai same ka a waya, ana yanka rago kana kallon rabin fuskar wanzami, intanet na yankewa. Hajiya ba za ta ce maka komai ba sai "Allah ya ba da sa'a", amma ƙanwarka za ta gaya maka ta daina cin abincin dare sai ka kira. Ka bar wa wani amintacce kuɗin wata uku na gida, daban da na biza, ka kuma koya wa Hajiya yadda ake danna saƙon murya da kanta.