Godiya Bayan Sake Buɗe Makarantarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi. Jiya aka yi addu'ar buɗe makaranta, yau da safe yara suka zauna a kan benci, da rufin kwano a kansu. Tun daren jiya nake son rubuta wannan saƙo, jiki ya ƙi. Ko yanzu ma da ƙyar nake riƙe wayar, amma ba na so godiyar mutane ta kwana biyu a wuyana.

Ba sai na maimaita abin da ya faru ba. Kun ga hotuna, kun ga yadda teku ya shigo Agavedzi da Salakope da Amutinu, garuruwan bakin teku a Ghana, a farkon 2025, ya ci gidaje, ya matso har bakin titin da ya haɗa Keta da Aflao. Kun san azumi ya kama mu ba mu da inda za mu shimfiɗa tabarma. Da yawanku kun kira, wasu sun turo abin buɗe-baki. Allah Ya saka.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne tsoron da na kwana da shi bayan ruwa ya janye. Ba tsoron teku ba ne, wannan mun saba da shi tun igiyar Nuwamban 2021. Tsoron akwatin ƙarfe ne.

Kun san makarantarmu da tallafin wata gidauniya ta iyali take tafiya. Masu tambayata ko gidauniyar Packard ce, wadda David da Lucile Packard suka kafa a Kaliforniya a 1964, a'a, ba ita ba ce. Tamu ƙarama ce, ta wata tsohuwa da 'ya'yanta da jikokinta, kuma sun roƙe ni kada in sa sunansu. Abu uku suke ba wa kuɗi: ilimi, kare teku, da ƙananan al'ummomi irin namu. Duk shekara iyalin su zauna su karanta takardun masu nema, su zaɓa. Kuɗinsu kuma a ɗaure yake zuwa. Na alli da albashin malamai daban, na renon itacen bakin ruwan gishiri daban, na samarin da ke gadin ƙwan kunkurun teku da dare daban. Ba a sakin kashi na biyu sai ka aika rahoton kashi na farko da rasit ɗin kowane sidi. Rasit ɗin nan duka, da rajistar yara, da littafin shiga da fita, suna cikin akwatin ƙarfe a ofishina. Teku ya tafi da ofishin da akwatin. Dashen da muka ɗauko daga Anyanui muna reno shi ma yashi ya binne shi.

To da wane baki zan yi bayani? Mace ce ni 'yar zango, ina riƙe da kuɗin Turawa a cikin garin masunta. Na san abin da ake faɗa idan lissafi ya ɓace a hannun irina. Na fi tsoron a ce Malama ta ci kuɗin yara fiye da in rasa ginin gaba ɗaya.

Ranar da jikar tsohuwar ta kira, ina zaune a gindin bangon da ya rage, bakina a bushe da azumi. Na shirya jawabina tsaf, na fara da akwatin. Ta katse ni. Ta ce, “Malama, yaran duka an gan su?” Na ce an gan su. Ta ce in kira mata sunayensu. Rajista ta tafi, amma suna kaina, sai na fara daga aji ɗaya, tana saurare daga can wata duniya, ba ta ce uffan ba har na kai kan na ƙarshe. Ina gamawa na ji tana kuka. Ni da na daure tun daren farko ban zubar da hawaye ba saboda kada yara su gani, a nan na saki. Bayan mun natsu ta ce maganar rasit ta mutu, in rubuta abin da na tuna a takarda ɗaya ya ishe su. Ta ce iyalin sun riga sun yi magana a waya ba su jira zaman shekara ba, sun kwance kuɗin itace da na gadi, in sa shi inda na ga ya fi ciwo. Da shi muka biya malamai albashinsu ba tare da yankewa ba, da shi aka sayi bulo da kwanon da yara ke ƙarƙashinsa yau, a fili mai nisa da bakin ruwa.

Allah Ya ba wa wannan tsohuwa lafiya, Ya albarkaci zuri'arta, Ya sa dukiyarsu ta ƙi ƙarewa, Ya haɗa su da masu tausayinsu a ranar da za su buƙata.

Akwai waɗanda a baya suka riƙa cewa wane irin mutane ne za su ba kunkuru kuɗi alhali mutum na jin yunwa. Ban ga laifinsu ba, talauci ke sa a faɗi haka. Amma ina so su sani, samarin nan masu gadin kunkuru su ne kaɗai idonsu biyu a bakin teku a daren. Su suka ga ruwa ya wuce inda ya saba tsayawa, su suka bi gida-gida suna buga ƙofa. Ɗan alawus ɗin da ake raina wa shi ya tsayar da su a wurin. Kuma duk wanda ya zauna a wannan gaɓa ya san ba za ka raba makaranta da teku ba. Dattawan Anlo, mutanen wannan gaɓa, suna cewa tun da aka tare kogin Volta a Akosombo a 1965 yashin da ke saukowa ya gyara gaɓar ya ragu. Ganuwar Prinzenstein da mutanen Denmark suka gina a Keta a 1784, teku ya cinye wani sashenta. Katangar duwatsun da aka yi ta kare Keta da Blekusu, amma a lokacin ba ta iso mu ba. Idan gaɓa ta tafi, ina za a kafa allo?

Na san ba a son kiran mai alheri a bainar jama'a, ku gafarce ni. Baba mai kwalekwale, wanda ya ɗauko mana ƙananan yara biyu a kafaɗa ruwa na kai masa ƙirji, ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, Allah Ya tsare maka 'ya'yanka a kan teku. Hajiya mai shinkafa da wake ta bakin tasha, kin ciyar da mu sahur da buɗe-baki ba ki karɓi ko sisi ba, Allah Ya kai ki Makka ki ƙara. Limamin unguwarmu da ya ba mu farfajiyar masallaci muka ci gaba da karatu, da matan da ke ƙyafe kifi da suka yi karo-karo suka saya mana alli, da direbobin Aflao da suka yi ta jigilar bulo a rabin kuɗi, Allah Ya biya ku da abin da ya fi. Maigida, kai ka san abin da ka ɗauka. Allah Ya bar mu tare.

'Yan uwana na jini da ke Kumasi da Accra, na ga saƙonnin wasunku na “Allah Ya kyauta”, na gode. Motar Aflao dai kullum tana tashi. Ban riƙe kowa ba, kawai dai na so a ce da na ɗaga kai jiya wajen addu'a na ga fuska ɗaya daga gidanmu.

Ya Allah Ka tsare wannan gaɓa da mutanenta, Ka mayar wa waɗanda har yanzu ke kwana a gidajen mutane da matsuguni nasu, Ka jiƙan magabatanmu, Ka sa yaran nan su yi ilimi mai amfani. Amin.

Iyaye, karatu ƙarfe bakwai da rabi ne. Wanda takardar haihuwar ɗansa ta tafi a ruwa ya kawo shi haka, za mu rubuta shi a sabuwar rajista. Aji biyar da shida har yanzu benci bai ishe su ba, mai kujera a gida ya ara mana.

Wassalam.