Gwajin iskar oksijin kafin a sallami jariri

Jariri yana iya zuwa duniya da babbar matsala a zuciya, amma ya yi kuka da ƙarfi, ya kama nono, har ungozoma ta shaida cewa lafiyarsa ƙalau. Dalili kuwa shi ne akwai wata 'yar jijiya da ke haɗa manyan hanyoyin jini biyu tun yana cikin mahaifa, kuma takan rufe da kanta a kwanakin farko bayan haihuwa. Muddin tana buɗe, matsalar tana ɓoye. Da zarar ta rufe, sai numfashinsa ya yi sauri, ya ƙi nono, jikinsa ya yi sanyi, kuma sau da yawa hakan yana faruwa ne a gida kafin ranar suna.

Kusan jariri ɗaya cikin 100 ake haifa da matsalar zuciya, kuma kimanin ɗaya cikin huɗu daga cikinsu yana buƙatar aiki a shekararsa ta farko. Gwajin da ke taimakawa wajen gano su ba ya buƙatar allura ko ɗibar jini. Bayan jariri ya cika awa 24, ana naɗa masa ƙaramar na'ura mai jan haske a hannun dama da ƙafa ɗaya, don auna yawan iskar oksijin da ke cikin jininsa. Ana so sakamakon ya kai kashi 95 ko fiye, kuma tazarar hannu da ƙafa kada ta wuce 3. Idan ya yi ƙasa da 90, dole likita ya duba shi nan take, a kuma ɗauki hoton zuciyarsa. Amurka ta sanya gwajin cikin jerin gwaje-gwajen jarirai a 2011, kuma binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa a jihohin da suka wajabta shi, mace-macen jarirai daga irin wannan ciwo sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

A ganina, mu ne muka fi bukatarsa, domin shuɗin da ke nuna ƙarancin iska ba ya fitowa sosai a baƙar fata, sai an duba leɓe da harshe da kyau. Ga shi kuma ana yawan sallamar mai jego awanni kaɗan bayan haihuwa, ga kuma masu haihuwa a gida. Gwajin yakan kuma tona ciwon huhu da cutar da ta shiga jini. Duk da haka, ba ya kama kowace matsala, musamman ƙuntatar babbar jijiyar jini, don haka jaririn da ya fara wahalar numfashi ko ya daina tsotso, a mayar da shi asibiti ko da an riga an gwada shi.