Inda na kai da madubin hologiram marar lens

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Na'urar ganin ƙananan abubuwa da nake haɗawa, wadda ke aiki da hologiram maimakon lens, ta fara ba da hoto, don haka ga bayanin inda aiki ya tsaya.

Tsarin da na bi shi ne mafi sauƙi: jar leza mai tsawon zango nanomita 650, ɗan siririn rami da haske zai bi ya bazu, gilashin da ake ɗora samfur, sai kyamarar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da na kwance wa lens, ya rage allon ɗaukar haske kawai. Duk a jere suke kan layi ɗaya. Haka masanin kimiyya Dennis Gabor ya bayyana abin a 1948, tun ba a ƙera leza ba, da fitilar zaiba ya yi nasa gwajin, kuma aikin ne ya kai shi ga kyautar Nobel a 1971.

Wanda ya fara kallon hoton da kyamarar ta ɗauka zai ce aikin ya lalace, domin ba ka ganin samfurin ko kaɗan, sai zobba masu haske da masu duhu, wani cikin wani. Amma zobban nan su ne dukiyar, su ne ake kira hologiram. Hasken da ya wuce salin alin yana haɗuwa da wanda ya bugi samfur ya tarwatse; inda suka dace da juna wurin ya yi haske, inda suka saɓa ya yi duhu. Kyamara ƙarfin haske kaɗai take iya aunawa, to amma a cikin tazarar zobban an adana labarin jinkirin da hasken ya yi a hanya, kuma daga nan ake gane zurfi da kauri.

Sauran aikin na kwamfuta ne. Da yaren kwamfuta na Python da kayan lissafinsa na NumPy, ana ɗaukar hoton a yi masa juyin Fourier, wato lissafin da ke warware hoto zuwa igiyoyin da suka haɗa shi, a ninka shi da wani ƙiyasi da ya dogara da nisan samfur daga kyamara, sannan a juyo da shi. Layukan manhajar ba su da yawa. Abin da har yanzu yake ba ni mamaki shi ne, bayan an gama ɗaukar hoto ake zaɓar inda za a saita gani. Na sa garin fure a gilashi, ina ƙara nisan kaɗan-kaɗan a lissafi, sai zobban suka tsuke suka zama ƙwaya mai gefe tsaf. Na ƙara gaba, ta dushe, ƙurar da ke ɗaya fuskar gilashin ta fito fili. Hoto ɗaya ne, ban taɓa komai ba. Goodman da Lawrence ne suka fara sake gina hologiram da kwamfuta a 1967, sai Schnars da Jüptner suka nuna ɗaukarsa kai tsaye da kyamarar CCD, wani nau'in kyamarar dijital, a 1994. Yau ga shi a kan teburin mai koyo.

Ku kula da girman fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke karɓar haske a allon kyamara. Na allon IMX219, da ke cikin wasu kyamarorin Raspberry Pi, maikiromita 1.12 ne, amma akwai matatar launi a kansa, kuma fiksel ɗaya cikin huɗu ne ke karɓar ja. Idan da jar leza kuke aiki, tazarar fiksel da za ku sa a lissafi ta ninka ke nan. Ku ɗauki ɗanyen hoto, kada JPEG, domin matse hoto yana cinye siraran zobban waje, kuma su ne ke riƙe da ƙananan siffofi. Ku kuma ɗauki hoto ba samfur, ku raba hoton samfurin da shi a lissafi.

Matsalar da nake fama da ita yanzu ita ce tagwayen hoto. A wannan tsari, lissafi yana fitar da samfurin tare da wani ɗan'uwansa marar saiti, wanda ke kewaye shi da dishi-dishin zobba. Leith da Upatnieks sun magance wannan a farkon shekarun 1960 ta hanyar karkato da haske na biyu daga gefe, sai dai hakan na buƙatar madubin raba haske da tebur marar girgiza, kuma fiksel ɗin ne ke iyakance yawan karkatar. A ganina, ga mai koyo, gara ya tsaya kan layi ɗaya ya ɗauki hotuna a nisa daban-daban, ya bar lissafi ya yi ta kai da komo tsakaninsu har tagwayen ya ragu.

Wahalar ta cancanta. Da wannan dabara ake auna kaurin ƙwayoyin jini ba tare da an rina su ba, ake ƙirga ƙananan halittun cikin teku, ake auna ɗigon ruwa a cikin gajimare daga jirgin sama.

Mataki na gaba shi ne ɗora kyamarar a kan abin da zai matsar da ita daidai gwargwado, sannan in gwada ɗigon ruwan kududdufi. Wanda ya riga ya gwada hanyar nisa daban-daban, don Allah ya faɗa mana yadda ya daidaita hotunan da juna kafin lissafi.